Idan Tirenin Ya Zama Jaraba: Tambayoyin 'Yan Ɗaga Ƙarfe, 'Yan Gudu da Iyayensu

Aikina duba marasa lafiya ne a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Kafin farar riga ta hau jikina kuwa, na yi shekaru ina ɗaga ƙarfe a gindin wata darbejiya bayan firamare, inda muka cika gwangwanayen fenti da siminti muka soka musu bututun famfo. Shi ya sa tambayoyin nan ke iske ni ta ƙofa biyu. Samari su tare ni a teburin mai shayi, iyaye da matan aure kuma su jira layi ya ƙare su ce, "Likita, akwai wata 'yar magana." Na faro daga masu sauƙi. Wanda fitsarinsa ya riga ya yi baƙi kada ya bi layi, ya tsallaka zuwa waccan amsar yanzu.

Wai motsa jiki ma yana zama jaraba? Ba lafiya ake nema da shi ba?

Lafiya ake nema, kuma mafi yawan masu gudun asuba da masu ƙwallon yamma babu abin da ke samunsu sai alheri. Amma akwai 'yan kaɗan da abin ke juye wa: da su ke riƙe da tirenin, yanzu tirenin ke riƙe da su. Tun 1970 wani mai bincike a Amurka, Frederick Baekeland, ya ci karo da wannan ba da niyya ba. So yake ya ga yadda barci ke canjawa idan mutum ya bar motsa jiki wata guda, sai ya nemi masu yi kwana biyar ko shida a mako su huta ya biya su. Suka ƙi, har da kuɗin. Dole ya koma kan waɗanda ba su kai su naci ba, su ma da suka daina sai barci ya lalace musu, ga ƙunci.

Har yau abin bai shiga jerin cututtukan da aka amince da su a hukumance ba. A jerin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022, jarabar da ba ta sha ba guda biyu kaɗai aka sa: caca da wasan gem. Rashin suna a takarda dai bai hana gwiwa lalacewa ba.

To mu da muke wuni a gona tun fitowar rana, mu ma 'yan jaraba ne ke nan?

A'a, Baba. Ba a yawan gumi bambancin yake ba. Manomi idan ya fita kunyar ƙarshe ya saɓa fartanya, daɗi yake ji, kuma ranar Juma'a ko ranar kasuwa zai huta zuciyarsa ba ta tuhume shi ba. Aikinsa yana da baki, yana da ƙarshe, akwai dami a bayansa. Mai jaraba kuwa ranar hutu ita ce ranar azabarsa.

Wannan ne ma ke sa abin ya ɓuya a ƙauye. Mu mutane ne masu yabon juriya, rago muke zagi. Yaron da ke shan ƙwaya kowa ya san shi, amma wanda ke tashi ƙarfe huɗu ya yi gudu har garin gaba, ya dawo ya hau ƙarfe, da la'asar ya sake komawa, sai a ce namijin duniya. Alhali ko shanun huɗa mai hankali ba ya barinsu ɗaure da garma har azahar. Rana na ɗagawa zai kwance su ya kai inuwa, ba don tausayi kaɗai ba, don yana son su gobe.

Ta yaya zan gane nawa ya wuce sha'awa?

Wani masanin halayyar ɗan'adam a Ingila, Mark Griffiths, ya daɗe yana cewa kowace jaraba alamu shida gare ta, kuma a kansu aka gina 'yar gajeriyar takardar gwajin jarabar motsa jiki a 2004. Ga su da Hausar gida. Abin ya mamaye maka tunani, kana sallah kana lissafin zagaye nawa ya rage. Shi kaɗai ne maganin ɓacin ranka. Abin da ya ishe ka bara bai ishe ka bana ba. Ka yi fashin yini ɗaya, sai ƙunci da faɗa da juye-juye a shimfiɗa. Ya haɗa ka rigima da gida ko gona ko makaranta. In kuma ka ce ka rage, mako biyu ka koma gidan jiya.

Ni nakan ƙara ta bakwai, wadda ta fi saurin tona asiri: yi da ciwo, da ɓoyewa. Duk wanda ke ɗaure gwiwa da tsumma a ƙarƙashin wando don kada a gida a hana shi fita, ya riga ya san amsar.

In kana shakka, ajiye komai kwana uku. Mai sha'awa zai ji kewa ya wuce harkarsa. Mai jaraba tun daren farko zai fara ciniki da kansa: "Bari in ɗan yi hamsin a ɗaki, ai wannan ba tirenin ba ne."

Awa nawa ne ya yi yawa?

Babu lamba ɗaya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga babban mutum ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, irin tafiya da sauri ko tuƙa keke, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani irin gudu, sannan kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Wannan mudun samun lafiya ne, ba katanga ba. Ɗan ƙwallon Kano Pillars ya ninka haka, amma yana da koci, yana da ranar hutu, kuma kakar wasa tana ƙarewa. Mai minti 40 kullum wanda ba zai iya fashi ba ko ranar da aka yi rasuwa a gidansu, ya fi kusa da jaraba a kan ɗan damben da ke awa uku da kaka, damina na faɗuwa ya kwance zare ya kama fartanya.

Me ke jefa mutum ciki?

Jiki yana biyan mai motsa shi lada nan take. Ƙwaƙwalwa na sakin sinadarai irin su endofin da dofamin, masu dusashe zafi su kawo nishaɗi, shi ne wasai ɗin nan da kake ji bayan gudu. Wannan kowa na samu, kuma ba laifi. Wanda ke zurmawa, a iya abin da na gani, galibi akwai abin da yake guje wa.

Dubi rani a garinmu. An gama girbi, an kai amfani rumbu, rabin samari sun tafi ci-rani Legas da Abuja. Wanda ya rage yana da yini guda cur babu abin yi, takardar makaranta na kwance a akwati, budurwar da yake so an ba mai babur. Gindin darbejiya ne kaɗai wurin da in ya zuba wahala yake ganin sakamako da idonsa. Sai waya ta ƙara wa wutar fetur: jikin da yake gani a TikTok, ba a gaya masa rabinsa hasken fitila ne da allurar ƙwanji ba. Akwai kuma waɗanda suka bar shaye-shaye suka kama ƙarfe. Gwamma ƙarfen sau dubu, ni ma shi nake ba su shawara. Sai dai idan damuwar da ta kai su ga ƙwaya tana nan ba a taɓa ta ba, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kowa na cewa jikina a murɗe yake, amma in na dubi madubi ramamme nake gani. Lafiya kuwa?

Wannan sananniyar larura ce. Likitan ƙwaƙwalwa Harrison Pope na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa ne suka fara bayyana ta a 1993 cikin 'yan ɗaga ƙarfe: mutum ƙato, amma idonsa na nuna masa ɗan tsurut. Na san wani da ke yawo da tef ɗin tela a aljihu, yana auna damtse safe da yamma, kuma cikin zafin bazara ba ya rabuwa da riga mai dogon hannu don kada a ga "ya zube". Ƙarin nauyi ba ya warkar da wannan, domin ba a damtsen ciwon yake ba. Ita ce kuma babbar hanyar da ke kai samari ga allura, don haka ka karanta amsar "sha ka fashe", sannan ta ƙarshe kan inda za a je.

Ya zan bambance tsamin jiki da ciwo na gaske?

Tsami yakan zo washegari, ya yi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, ya bazu a tsoka, galibi hagu da dama, kuma in ka ɗan motsa sai ya saki. Ciwo wuri ɗaya yake zama, yana suka, ya fi son gaɓa, yana kumbura, motsi kuma ƙara shi yake. Masu gudu a kan kwalta da takalmin roba su lura da ƙwauri: zafin da za ka iya rufe wurinsa da kan yatsa ɗaya, wanda ke ƙaruwa kullum, yana iya zama tsagewar ƙashi, kuma ba lallai hoton farko ya nuna ta ba. Masu ɗaga nauyi kuma, kumburi a matsematsi da ke fitowa in an yi nishi ya koma in an kwanta, ƙaba ce, ɗamara ba ta maganinta. Ranar da ta fito ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, aikin gaggawa ne.

Ni kafaɗata ta dama ce ta koya mini. Ta fara da ɗan suka in na ɗaga hannu sama, na shafa man zafi na ci gaba, har wata uku. Ranar da na kasa ɗora buhun gero a amalanke, ƙanena ɗan shekara sha shida ya karɓa ya ɗora bai ce uffan ba, ranar na yarda. Da na huta mako biyu tun farko, da ban yi rabin shekara ina sa riga da hannu ɗaya ba. Har yau in hunturu ya shigo tana gaishe ni. Jiki magayi.

Ciwon gaɓa da ya wuce mako biyu duk da hutu, a kai shi babban asibiti. In na ƙashi ne sosai, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Bayan tirenin mai tsanani fitsarina ya koma kamar shayi ba madara. Ƙishirwa ce?

Fitsarin ƙishirwa rawaya ne mai duhu, in ka sha ruwa sosai kafin yamma ya washe. Wanda ya koma ruwan ƙasa ko kalar Coca-Cola, ga tsoka ta kumbura tana azaba, ƙafa ta ƙi ɗaukarka, fitsarin ma ya ragu, wannan wani abu ne daban da likitoci ke kira rabdo a taƙaice. Tsoka ce ta farfashe, abin da ke cikinta ya zube a jini, ya je ya toshe matatar ƙoda. Ya fi kama wanda ya daɗe bai yi ba ya dawo da ƙarfinsa, da masu gasar tsallen kwaɗo ɗari biyu ko uku don kada a ce sun gaza, musamman cikin zafi.

Yau za ka tafi, ba gobe ba, kuma babban asibitin da za a iya gwada ƙoda a ɗaura maka ruwa. Ka riƙa shan ruwa a hanya. Kada ka tsaya kemis ka sayi diklofenak ko ibufurofen, domin su ma ƙodar suke matsa wa. In an kama shi da wuri ƙarin ruwa kan wadatar, in aka yi jinkiri sai a kai ga wankin ƙoda. Mu da ke makwabtaka da Haɗeja da Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya yi ƙaurin suna, ba sai an ba mu labarin kuɗin wankin ba.

Ba kowane jan fitsari ne rabdo ba. Mai aikin fadama ko shinkafa da ke ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsari, tsargiya ta fi kusa, ita kuma tana da maganinta. Gwaji ne zai raba gardama.

Ya batun zafin bazara da azumi?

A Afrilu da Mayu zafi a Kano da Jigawa yana haura digiri 40. Tirenin tsakanin hantsi da la'asar a wannan lokaci kasada ce kawai. Idan wani ya fara tangaɗi a fili, yana maganar da ba ta kan hanya, ko ya faɗi jikinsa rau, a fara sanyaya shi kafin a nemi babur: inuwa, a cire kaya, a kwara masa ruwa, a yi ta fifita. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Kuma kowa ya san jininsa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato masu ɗauke da gadon sikila amma ba su da ciwon. Lafiyarsu ƙalau, suna wasanni, amma gudun fitar rai cikin zafi da ƙishirwa ya fi yi musu haɗari.

Da azumi, a yi mai sauƙi dab da shan ruwa, mai nauyi kuma bayan asham. Wanda ya kasa sassautawa ko wata gudan nan, har yana karya azumi a ɓoye don kada ƙwanji ya zube, ya koma ya karanta alamun da ke sama. Zazzaɓi kuma ba a fitar da shi da gudu, duk da abin da ake faɗa a majalisa. A gwada jini a sha magani.

Abokaina na shan tiramol kafin su fara, wai yana ƙara ƙarfi. Gaskiya ne?

Ba ya ƙara ko ƙwayar gero. Abin da yake yi, ya toshe saƙon da jiki ke aika maka cewa ya isa, sai ka yi ta ɓarna ba ka ji ba. Dangin ƙwayoyin ofiyom ne, yana kama mutum. Likita kan rubuta miligiram 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini, amma na bayan fage 225 ne ko 250 a ƙwaya ɗaya, wasu kuma biyu suke watsawa a shayi. Yawansa na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ka ƙiyasta hakan ta faru ƙarfe na saman ƙirjinka. Binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magungunan kashe zafi ba bisa ƙa'ida ba, tiramol a kan gaba.

Diklofenak na kullum shi ma ba aboki ba ne, gyambon ciki da ƙoda yake nema. Ranar da ka ga sai da ƙwaya kake iya fita fili, jaraba biyu ke gare ka, kuma ta ƙwayar za a fara kamawa. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai, ya zo a rage masa a hankali.

"Sha ka fashe" da allurar ƙwanji fa?

Abu biyu ne mabambanta da ake cakuɗawa. "Sha ka fashe" galibi dekzametason ne, wani lokaci haɗe da maganin buɗe ciki. Kumatu da tumbi yake kumburawa da ruwa da kitse, tsoka kuwa cinye ta yake, wato kishiyar abin da ka biya kuɗi dominsa. Yana tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Shi ma wanda ya yi makonni a kansa ba ya dainawa farat ɗaya, akwai haɗari, sai a hannun likita.

Allurar ƙwanji kuwa tana gina tsoka, ba zan yi maka ƙarya ba. Kwaikwayon sinadarin mazantaka ce, jiki na ganin ya yi yawa sai ya rufe masana'antarsa. 'Ya'yan maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wasu nono ya fito musu, ga ƙuraje a baya, ga saurin fushi, hanta da zuciya kuma suna biya a ɓoye. In sirinji ɗaya ake zagayawa da shi a fili, an ƙara da ciwon hanta da ƙanjamau. Saurayin da ke tara kuɗin lefe ya yi wannan lissafin da kyau.

Dole sai da ƙwai goma da garin gwangwani?

A'a. Mai ɗaga ƙarfe sosai, kimanin giram 1.6 na furotin kan kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi a yini, wato mai kilo 60 yana neman kusan giram 100. Ƙwai ɗaya giram 6 ne ko kusa. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, nono da busasshen kifi duk suna cike gurbin, kuma dafaffen ƙwai ya fi ɗanye shiga jiki, a bar wahalar da kai. Inda abin ke zama alama shi ne ranar da kuɗin cefane ya koma kiret ɗin ƙwai, ko mutum ya daina sa hannu a kwanon gida wai tuwo na kawo tumbi.

'Yata tana tsallen igiya a ɗaki safe da dare, ta rage cin abinci, al'adarta kuma ta ɗauke. Akwai alaƙa?

Akwai, Hajiya, kuma ki ɗauke shi da muhimmanci. Na mata a ɗaki yake faruwa, shi ya sa ba a gani: rage tumbi kafin biki, ko bayan haihuwa, ko don wata magana da kishiya ko miji ya yaɓa. Idan abin da jiki ke ƙonawa ya fi abin da ake ba shi na tsawon lokaci, sai ya fara rufe ayyukan da yake ganin za su iya jira, al'ada na cikin na farko. Ƙashi kuma ya riƙa zubewa a daidai shekarun da ya kamata ya ginu. Kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya kan wannan a 2014, ya kuma ce maza ma yana kama su.

In matar aure ce a fara da gwajin ciki. In ba shi ba ne kuma ta kai wata uku, a zo asibiti. Kada a tsare ta da kwano ana tilasta mata a gaban mutane, sai ta koma ɓoyewa. Tsoron abinci haɗe da tirenin ya fi tirenin kaɗai haɗari, yana buƙatar likita.

In na huta ba zan zube ba?

Wannan tsoron shi ne igiyar da ke ɗaure da kowa. Ba a fili tsoka ke girma ba. A fili ana yi mata ƙananan raunuka ne, sai a barci da hutu ta gyaru ta fi da. Shi ya sa ake ba tsokar da aka wahalar kamar kwana biyu kafin a koma mata. Ƙarfi yana kaiwa mako biyu zuwa uku bai ragu a zo a gani ba. Numfashin gudu ya fi saurin sauka, amma dukansu dawowarsu ta fi ginin farko sauri nesa ba kusa ba.

Hasali ma rashin hutun ne ke zubar da mutum. In nauyin da kake ɗagawa ya fara fin ƙarfinka, barci ya ƙi, mura ba ta rabuwa da kai, sha'awar iyali ta ragu, ka wuce gona da iri. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: kana farkawa, kafin ka tashi, ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunka na minti ɗaya. In ya haura yadda ka saba da kamar goma, kwanaki a jere, jiki na neman hutu ko kuwa zazzaɓi na tafe.

Ni shirin shiga soja nake. Ba dole in matsa ba?

Dole ka matsa, kai da mai neman kulob da mai shirin dambe. Amma matsi da tsari. Ƙara nisa kaɗan-kaɗan kowane mako, kada ranakun wuya biyu su haɗu, makon ƙarshe kuma ka sassauta don ka isa wurin tantancewa da ƙafa sabuwa. Na ga wanda ya yi gudu har jajibirin tafiya, ya isa da ƙwauri a kumbure, wanda bai kai shi ba ya wuce shi. Ka tuna ana duba lafiya, ana kuma gwajin ƙwaya.

Tsofaffin 'yan dambe sun fi mu sanin wannan. Wasan kaka ne, a zaga garuruwa bayan girbi, sannan kowa ya koma fawarsa ko gonarsa, hannu ya huce. Tambayar da nake yi wa masu shirin soja ita ce: in suna bai fito ba bana, gudun zai koma daidai, ko ninka shi za ka yi don haushi?

Ɗana ya bar mini gona saboda ƙarfe. In sayar wa 'yan gwangwan da tarkacen?

Kada ka yi, Alhaji. Buhun siminti ɗaya zai haɗa wasu, ka kuma rasa bakin magana da shi. Kada ka zagi abin da yake alfahari da shi, domin wataƙila shi kaɗai ne abin da yake ganin ya iya. Kira shi gefe bayan isha, ba gaban ƙannensa ba, ka ambaci abin da ya ɓace, da sunansa: "Ranar Alhamis na kai shanu Maigatari ni kaɗai. Ƙarfin nan naka ina da rabo a ciki ko babu?" Sannan ku yi yarjejeniya mai lokaci, safiya ta gona, bayan la'asar tasa. Kowane fili yana da babba da yaran ke jin maganarsa fiye da ta gida, a bi ta wurinsa.

Uwargida da ke kukan maigida ya dawo a gajiye kullum, ba hira ba komai, hanyar ɗaya ce. Ki faɗi abin da kika rasa, kada ki ce ƙarfen ya zama kishiyarki ko da haka ne. In ya ji kunyar zuwa asibiti a kan wannan, ki ce ya zo a duba masa gwiwar. Sauran maganar mu za mu taso da ita.

Addini ya ce wani abu a kai?

Malamai sun fi ni, amma abin da kowa ya sani ne. Hadisi ya yabi mumini mai ƙarfi, kuma Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha. Sai dai lokacin da Abdullahi ɗan Amr ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare duka, ce masa aka yi ya yi azumi ya sha, ya yi sallah ya yi barci, domin jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi, matarsa ma tana da haƙƙi. Wannan fa ibada ce aka ce a sassauta. Wanda gudun asuba ke sa shi sallame sallah a tsaitsaye ya auna da kansa.

Na yarda ina ciki. Daga ina zan fara, kuma wa zan gani?

Ba a ce ka bari ba. Nan ya bambanta da ƙwaya, ana so ne ka dawo kai ke riƙe da linzami. Fara da ranar hutu ɗaya tsayayya, Juma'a ta fi sauƙi, bayan mako biyu ka ƙara ta biyu. Yanke lokacin tashi kafin ka fara, ka ba wani agogon. Sau ɗaya a yini, ba biyu ba. Ka ba tela tef ɗinsa, ka rage bin masu nuna ƙirji a waya. Awannin da suka rage kuma kada ka bar su fanko, nan shaiɗan ɗin yake: noman rani, koyon gyaran babur, makarantar dare, ko horar da yara ƙwallo. Kwanakin farko za ka yi ƙunci da rashin barci, yana wucewa.

In ka gwada wata guda ka kasa, ko akwai ƙwaya ko allura a ciki, ko tsoron abinci, ko baƙin cikin da har kake jin rayuwa ta ishe ka, fara da asibitin da ke kusa da kai a rubuta maka takarda. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin Dawanau. A Jigawa akwai na Kazaure, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Na san abin da sunan Dawanau ke tayarwa a zuciyar mutum, amma da yawan masu zuwa da ƙafarsu suke shiga, su ga likita su hau mota su koma gida a ranar. Ka tafi da kwalin duk abin da kake sha ko kake yi wa kanka allura da shi, ko da babu komai a ciki, domin likita zai so ya ga sunan da adadin.